Tabon da Uwar Guga Ta Ɓoye wa Likita

Kin taɓa shiga ɗakin likita da ciwo bakwai a jikinki, ki fito an faɗi ɗaya, ɗayan ma ba da bakinki ba? In kin taɓa, matso kusa, labarin Uwar Guga naki ne.

Shekararta arba'in da shida, goma sha tara daga ciki a tsaye ta yi su gaban teburin guga, a wani shagon wanki da ke ƙasan bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Shagon ba shi da girma: injin wanki uku a baya, kanta a gaba, tebur biyu a tsakiya, kowanne da dutsen guga mai tururi, sai doguwar sandar ƙarfe da ake rataye kaya cikin leda. Teburin da ke jikin taga nata ne. Ba a rubuta ba, amma ko Manajan shagon ba ya ajiye kofin shayinsa a kai. Masu kawo kaya sukan ce, "A ba wa Uwar Guga," don in ta fitar wa wando kari, sai ya sha wanki biyu karin bai kwanta ba. Abin da take taƙama da shi kuwa, har tana buga ƙirji, shi ne ko hankici ba ta taɓa ƙonawa ba.

Tana da doka ɗaya da kowa a shagon ya haddace. Duk kayan da aka kawo sai an baje su a kan kanta, gaba da baya, ciki da waje, wuya da hammata da aljihu, mai kayan ya nuna kowane tabo ya faɗi abin da ya jawo shi. "Dutsen guga ba ya yafiya," in ji ta. "Tabon da ka ɓoye mini, in zafi ya hau kansa, ya zauna ke nan har rigar ta mutu."

Sai jikinta ya fara yi mata wasa da hankali. Tana cikin guga, haka kawai wani zafi zai taso daga ƙirji, ya haye wuya, ya mamaye fuska, kamar an ɗora mata dutsen a kumatu. Zufa ta karyo. Kafin ta gama gogewa, sanyi ya kama ta. Ɗaya ke nan. Barci ya yi ƙaura, biyu. Zuciya takan yi ta dukan ƙirji kamar mai bin bashi a bakin ƙofa, uku. Gwiwoyi da yatsu suna yin tsami da safe, huɗu. Mantuwa, biyar: ta shiga ɗakin baya, ta tsaya tana kallon injin, ta rasa abin da ya kawo ta. Fushi da kuka ba dalili, shida. Na bakwai kuwa, jinin al'adarta, wanda a da ba ya saɓa alkawari, ya zama baƙo marar tarbiyya. Ya ɓace wata biyu, ya dawo ba sallama, ya zauna ya ƙi tafiya, yana zuba kamar an manta famfo a buɗe. Wannan na bakwai ɗin ba ta gaya wa kowa ba.

To, a gidansu ba a barin mutum ya je asibiti shi kaɗai. Ƙauna ce ta yi musu yawa. Wanda ya raka ka kuma ba ya tsayawa a benci, shiga yake yi, ya ja kujerar da ta fi kusa da likita, ya yi bayani. Kuma kowa ciwon da ya dame shi yake faɗa, ba wanda ya dami mai ciwon ba.

Maigidanta ne ya fara kai ta. Tsohon direban motar kaya ne, ya ajiye tuƙi amma bai ajiye son riƙe sitiyari ba.

"Likita, matar nan ba ta barci, ni ma ta hana ni," ya ce tun kafin ta zauna. "Ta kunna fanka, ta kashe fanka. Ta yaye bargonta, can kuma ta ƙwace nawa. Da safe matashin kai sharkaf. Zazzaɓi ne."

"Malama, haka ne?" likita ya tambaya.

"Haka ne, amma akwai..."

"Ai shi ke nan, na gama yi masa bayani," in ji Maigida. "Ke ba ki da lafiya, ki huta da magana."

Aka ɗebi jini, ba a ga wani abin a zo a gani ba, amma aka ce ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro don kada a bar ƙofa a buɗe. Ta sha. Zufa ba ta ko gaishe shi ba. Maigida ya ƙaro mata daga kemis, ya sake ƙarowa. Zagaye uku ta yi, har ta ce yanzu sauron da ya cije ta ma warkewa zai yi. A shago kuwa kowa ya zama likita: ai zafin dutse ne, ai tururi ne. Ta ce shekara goma sha tara dutsen nan bai san hanyar fuskarta ba sai bana?

Ta biyu, 'yarta Auta ce. Ta zo gida ta tarar da uwar ta dafe ƙirji a kan kujera, ta ruɗe, ta kira mijinta, wanda duk dangi suke kira Mai Mota. Yaro ne mai ladabi, ladabin da har yakan gajiyar da mutum. Shi ya buɗe mata ƙofa, shi ya riƙe mata jaka, shi ya yanki kati, kuma da aka kira ta wajen likitan zuciya, shi ya biyo su ciki da jakar a rungume, ya tsaya a bayan kujerarta kamar dogari.

Aka manna mata wayoyi a ƙirji da ƙafa a bayan labule, inji ya zana layukansa. Likita ya duba, ya ce zuciya garau take. Sai ya ɗago kai ya kalli shekarunta a kati.

"Al'adarki fa, Mama? Tana zuwa daidai?"

Uwar Guga ta ji numfashin surukinta a bayan wuyanta. Ta kalli Auta, Auta ta kalli silin. Mai Mota ya sunkuyar da kai yana nazarin zik ɗin jaka, amma ƙafarsa ba ta motsa ba.

"Lafiya lau," ta ce.

"Ba canji?"

"Ba komai, likita."

Ya rubuta abin da ta faɗa, ya ce ta rage shayi mai kauri, ta rage tunani. A mota Mai Mota ya ce, "Mama, kin ji dai, ki rage tunani." Ta ce, "To, ɗana, in ka ga inda ake rage shi ka tsaya in sauka."

Ta uku, Yayarta ce, wadda ta girme ta da shekara tara kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta ba. Ita abin da ya dame ta shi ne ƙanwar ta yi mata tsawa a waya, abin da ba a taɓa yi ba tun suna yara. Ta kai ta wani ƙaramin asibiti a bayan kasuwa, inda likita ɗaya ke fama da layin da ya kai bakin titi. Yaya ta zauna, ta gyara mayafi, ta ɗauko labari tun daga rasuwar mahaifinsu, ta bi ta kan rigimar fili, ta sauka a kan tsawar waya.

"Yarinyar nan a da ba ta da hayaniya, likita. Yanzu ko cokali ya faɗi sai ta yi kuka. Jiya ta sa makulli a firji."

"Yaya, ki bari in..."

"Ka gani ko? Ka ga irin abin da nake faɗa? Ina magana tana katse ni."

Likita ya kalli layin da ke bakin ƙofa, ya ce damuwa ce da shekaru, sai haƙuri. Ya rubuta ƙwayar barci. Yaya kuma ta ƙara da nata: kwalba biyu na wani jiƙo mai ɗaci da maƙwabciyarta ta rantse a kansa.

Ƙwayar ta sa ta barci, amma ba ta san lokacin tashi ba. Uwar Guga takan zo shago kai ya yi nauyi kamar an cika shi da yashi. Ran nan tana gugar wata farar riga ta wani lauya, zafin nan ya taso. Ta saki dutse don ta jawo tawul, ta tsaya tana fifita da kwali, hankalinta ya tafi wani wuri. Ƙauri ne ya dawo da ita. A tsakiyar bayan rigar ga hoton dutsen guga nan, ja-ja, har da ramukan tururi a jere.

Manaja ya ɗaga rigar, ya ajiye, ya ja ta gefe.

"Uwar Guga, kin girme ni, kuma ke kika koya mini riƙe dutse. Amma yau riga ce, gobe ban san me zai kama ba. Ki koma kanta ki riƙa karɓar kaya zuwa ƙarshen wata mai zuwa. In jiki ya daidaita, teburinki na nan. In bai daidaita ba, dole in sa wani. Kuma kin san mai tsaron kantar ta je haihuwa ne, za ta dawo."

Lissafin a fili yake: in ta rasa tebur, ba kanta, ba shago. Ta cire tawul daga wuya, ta zagaya bayan kanta, tana jin wani yana ja mata dutse a kan teburinta, yana fitar da kari biyu a ƙafar wando ɗaya.

A kantar ne wata ma'aikaciyar ofis ta shigo da kwat a naɗe, tana sauri. Ta buɗe gefe ɗaya kawai, ta nuna ɗigon biro a bakin aljihu.

"Wannan ne kawai, Mama."

"Baje shi."

"Wallahi sauri nake yi."

"Ni ma ba zama na zo yi ba. Baje shi."

Uwar Guga ta karɓe kwat ɗin, ta juya cikinsa waje. Ga shatin zufa nan a hammata biyu, ya yi rawaya, ga wani tabo a bayan siket ɗin da aka cusa a ciki. Matar ta kalli mutanen da ke bayanta, ta yi ƙasa da murya. "Mama, da mutane fa."

"Mutanen ne za su wanke miki? 'Yata, kin ɗauko kaya tun daga gida, kin zo wajen mai wanki, kin nuna mini ƙaramin kin ɓoye babban. In na bi maganarki na ɗora wuta a kai, wa kika cuta? Ni ko ke?"

Matar ta yi dariyar kunya, ta faɗi abin da ya jawo kowanne, ta tafi. Uwar Guga ta tsaya da siket ɗin a hannu. Zafin ya taso mata, wannan karon har da na haushi. Ta jawo jakarta ta zazzage. Katin asibiti uku suka faɗo, kowanne da launinsa, kowanne da tabo ɗaya a rubuce. Ta ce a fili, "Kai, amma ni ma dai an yi sakarya." Manaja ya leƙo ya ce, "Na'am?" Ta ce, "Ba da kai nake ba. Jibi ba zan zo da safe ba."

Ta yi niyyar zuwa wajen likitan mata ita kaɗai, amma ta yi kuskuren faɗa a gida. Da safe sai ga Mai Mota ya yi fakin, Auta a gaba, Yaya a baya, Maigida ya riga ya sa hula. Mutum biyar, ciwon mutum ɗaya.

A asibitin, benci uku cike da masu juna biyu. Mai yankar kati ta kalli Uwar Guga, ta kalli Auta. "Watanta nawa?"

"Ni ce marar lafiyar."

"Ke, Mama?" Ta kalli cikinta.

"Ki kalli fuskata, ba nan ba. Ko sai mai ciki ce mace a nan?"

Aka yanka mata kati na huɗu. Da aka kira ta, duk huɗun suka miƙe tare. Ta juyo, ta tare ƙofa da jikinta.

"Kowa ya koma ya zauna."

"Ke, wa zai yi bayani?" in ji Maigida.

"Mai jikin."

"Ni fa yayarki ce," in ji Yaya. "Me za ki faɗa da ban sani ba?"

"In kin sani, zamanki a nan bai rage ki da komai ba, Yaya."

Mai Mota ya matso da ladabi. "Mama, jakar..."

"Kawo ta nan, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Je ka duba motarka, na ga kamar an jingina da ita."

Likitar mace ce mai furfura kaɗan a goshi, da tabarau a rataye a wuya. Uwar Guga ta jera katunan uku a kan tebur kamar yadda take jera kayan mutane.

"Likita, ki yi haƙuri, kada ki katse ni. Guda bakwai ne, kuma in aka katse ni mantawa nake yi, shi ma yana cikin bakwan."

Ta fara daga kai ta gangara. Da ta zo na bakwai ta faɗe shi duka: ɓacewar, dawowar, yawan zubar, har ranar da ta ɗaura zane a kan siket ta koma gida daga shago.

Likitar ta ɗauki katin likitan zuciya ta karanta. "A nan an tambaye ki, kin ce lafiya lau."

"Surukina ne a tsaye a kaina."

"To da sai ki ce ya fita."

"Yau na ce."

Likitar ta yi murmushi, ta sa tabarau. Ta ce abin da ta ji ya yi kama da shekarun da jikin mace ke shirin daina al'ada. Sinadarin da ke tafiyar da al'adar ne yake hawa yana sauka ba tsari, shi ke taɓa barci da zufa da zuciya da hali, kuma yakan ɗauki shekaru kafin jinin ya ɗauke gaba ɗaya. Amma ba za ta ɗora komai a kan zato ba. Ta auna hawan jini, ta duba ƙirjinta, ta tambaye ta ko ita ko wata a danginsu ta taɓa ciwon dajin nono ko daskarewar jini a jijiya. Ta tura ta hoton mahaifa saboda yawan zubar, da gwajin ƙarancin jini, da na wata halitta a maƙogwaro da kan kawo irin wannan zufa in ta rikice, da gwajin ciki.

"Ciki? Likita, ina da jika fa."

"Jika ba ya hana ciki. Muddin jinin yana leƙowa, ƙofa ba ta rufe ba."

Uwar Guga ta riƙe baki. "Wannan kada ki bari Maigida ya ji, sai ya sayi sabuwar hula."

Sakamako ya fito bayan 'yan kwanaki. Ba ciki, mahaifa lafiya, maƙogwaro lafiya, amma jininta ya yi ƙasa sosai. Likitar ta nuna mata yadda za ta janye daga ƙwayar barci a hankali, ta ce jiƙon Yaya a ajiye shi tunda ba wanda ya san abin da ke ciki. Ta rubuta maganin ƙarin jini. Ta zayyana mata hanyoyin da ake bi, da mai sinadarin da marar shi, da amfanin kowanne da abin da ake tsoro, ta ce ba kowace mace ce kowanne yake yi wa daidai ba. Suka tsaya a kan wata filasta da ake mannawa a fata da ƙwaya da ke tafiya tare da ita don kare mahaifa, da sharaɗin ta dawo a duba ta.

Kada ki ɗauka daga nan sai daɗi. Kemis huɗu ta shiga kafin ta sami filastar. A na farko an miƙo mata ta ciwon baya. A na biyu yaron kanti ya ce bai taɓa jin ta ba, amma akwai maganin zazzaɓi mai kyau. Makon farko kanta ya yi ta sarawa, ta koma ta yi ƙorafi, likita ta gyara. Sannan a hankali zafin ya rage zuwa, wanda ya zo ma ba ya daɗewa. Barci ya dawo, ba duka ba, amma wanda ya isa mutum ya san inda ya ajiye makulli. Gwiwa dai tana nan da halinta.

Da wa'adin ya cika, Manaja bai yi dogon zance ba. Ya ɗauko farar riga, ta lauyan nan kuwa, sabuwar da shago ya saya masa, ya shimfiɗa a teburin jikin taga. Uwar Guga ta rataya tawul a wuya, ta juyo da fanka, ta taɓa dutse da yatsa mai ruwa ta ji ya yi ƙara. Wuya, kafaɗa, hannu, baya, gaba. Ana tsakiyar baya zafin ya ɗan leƙo. Ta tsayar da dutsen a kan dugadugansa, ta goge fuska, ta ja numfashi, ta ci gaba. Ta rataye rigar. Manaja ya zagaya ta sau biyu, ya ɗauke kofin shayin da wani ya saba ajiyewa a teburin, ya ce, "A dawo wa Uwar Guga da kayanta."

Abin da ya fi ƙona mata rai kuwa a gida ya same ta, ranar da ta gaya musu abin da likita ta gano. Maigida ya ce shi dama tun farko ya san ba zazzaɓi ba ne. Auta ta ce ita ta so ta faɗa. Yaya kuwa ta taɓe baki ta ce, "Au, wannan ne? Ai ni ma na yi shi, shekara shida ina jiƙa zanin gado."

Uwar Guga ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali. "Yaya. Kin yi shi. Kika zauna gaban likita kina ba shi labarin fili."

"To, ana faɗa ne?"

"Ana faɗa, Yaya! Da baki ake faɗa!" Ta juya wajen Auta. "Ke kuma zo nan ki zauna, tun yanzu zan lissafa miki su, kada ki zo kina sa makulli a firji kina cewa ba a gaya miki ba."

To, ke mai karatu, in kin doshi shekarun nan kuma jiki ya fara yi miki irin wannan wasa, ba na ce ciwonki irin nata ba ne, likita ce za ta faɗa. Amma ki gwada abu ɗaya. Ranar da za ki je, ki ƙirga su a yatsu tun daga gida, ki zaunar da mai rakiya a benci ko da Yaya ce, ki karɓi jakarki, ki shiga ke kaɗai. Ki baje su duka, gaba da baya, ki fara da wanda kika fi jin kunyarsa. Don Allah ki gwada.